Ƙirƙire-ƙirƙiren Kamfanin Hughes Aircraft

Hughes Aircraft Company kamfani ne na ƙasar Amurka da ya yi fice wajen ƙera makamai masu linzami, na'urorin rada da taurarin ɗan Adam, tun daga ƙarshen shekarun 1940 har zuwa 1997. Babbar mai sayen kayansa ita ce Ma'aikatar Tsaron Amurka. Ko da yake sunansa na nuni da jirgin sama, jirage ƙalilan ya ƙera. An fi saninsa da abubuwan da injiniyoyinsa suka ƙirƙiro a fannin lantarki, kimiyyar haske da hanyoyin ƙera kaya a masana'anta. Daga cikinsu akwai leza ta farko da ta yi aiki a duniya (1960), tauraron sadarwa na farko da ke tafiya daidai da juyawar duniya (1963), da wata hanyar ƙera tiransista da ta taimaka wajen ƙanƙantar da kwamfuta.

Kamfanin ya yi wa yawancin waɗannan abubuwa rajista da takardar mallakar ƙirƙira, wadda a Turance ake kira patent. Da yake kuɗin binciken na fitowa ne wani lokaci daga aljihun kamfani, wani lokaci kuma daga baitulmalin gwamnati, an sha kai ruwa rana a kotu kan wanda ya riga ƙirƙiro abu da wanda ya cancanci cin ribarsa. Ɗaya daga cikin shari'o'in ta ɗauki kusan shekara 26.

Asalin kamfanin

Dukiyar iyalan Hughes kanta daga takardar mallakar ƙirƙira ta samo asali. A 1909 Howard Hughes babba ya samu takarda a kan wani kan ƙarfe mai haƙora masu juyawa da ke fasa dutse wajen haƙar rijiyar man fetur. Kamfanin Hughes Tool da ke Houston a jihar Texas ya yi arziki da wannan kan ƙarfe. Ɗansa, Howard Hughes ƙarami, ya gaji kamfanin a 1924. A farkon shekarun 1930 ya buɗe sashen jiragen sama a jihar Kalifoniya, a ƙarƙashin Hughes Tool.

A 1935 Hughes ya tuƙa jirginsa mai suna H-1 da gudun kusan kilomita 566 a awa, gudun da jirgin da ke sauka a ƙasa bai taɓa yi ba a lokacin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya samu kwangilar ƙera ƙaton jirgi na katako, H-4 Hercules, mai faɗin fikafikai kusan mita 98. Yaƙin ya ƙare ba a gama shi ba, kuma sau ɗaya tak ya tashi, ranar 2 ga Nuwamba 1947.

Sauyin alkibla ya zo ne a 1946, lokacin da masana biyu, Simon Ramo da Dean Wooldridge, suka shiga kamfanin suka gina sashen lantarki a Culver City. Sashen ya ƙera rada da kwamfutocin da ke taimaka wa jirgin yaƙi ya gano jirgin abokan gaba, sannan ya ƙera makami mai linzami na Falcon. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950 kwangiloli suka ninka, aka buɗe masana'antar makamai a Tucson ta jihar Arizona a 1951. Ramo da Wooldridge sun fice a 1953 saboda rashin jituwa da Hughes, suka kafa kamfanin da daga baya ya zama TRW. A ƙarshen shekarar Hughes ya miƙa mallakar kamfanin ga wata gidauniyar binciken lafiya da ya kafa, Howard Hughes Medical Institute. Daga 1954 Lawrence Hyland ne ya riƙa gudanar da harkokin yau da kullum. A 1960 sashen bincike, Hughes Research Laboratories, ya koma Malibu da ke bakin teku.

Takardar mallakar ƙirƙira da kwangilar soja

Takardar mallakar ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da gwamnati. Mai ƙirƙira zai bayyana yadda abin nasa ke aiki dalla-dalla, yadda duk mai ilmin fannin zai iya kwaikwayonsa. Ita kuma gwamnati za ta ba shi ikon hana wasu ƙera abin ko sayar da shi na wani wa'adi. A zamanin Hughes wa'adin a Amurka shekara 17 ne daga ranar da aka ba da takardar. Tun daga Yunin 1995 ya koma shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata. Sunan mutumin da ya ƙirƙiro abu ne ake rubutawa a takardar, amma ma'aikacin kamfani yakan sa hannu tun ranar da aka ɗauke shi aiki cewa ya miƙa wa kamfanin mallakar duk abin da ya ƙirƙiro a bakin aiki.

Kamfanin da ke yi wa soja aiki yana fuskantar ƙarin ƙa'idoji guda uku. Na farko, Ma'aikatar Tsaro ta saba barin mallakar ƙirƙira a hannun ɗan kwangila, ita kuma ta yi amfani da abin kyauta, alhali dokar da ta kafa hukumar NASA a 1958 ta tanadi cewa abin da aka ƙirƙiro a aikinta na gwamnati ne, sai idan ta yafe. Na biyu, dokar Amurka ba ta bai wa mai takarda damar hana gwamnati amfani da ƙirƙirarsa ba. Abin da zai iya yi shi ne neman diyya a kotu. Na uku, wata doka ta 1951 ta ba hukuma ikon rufe buƙatar takarda a asirce idan bayyana ta zai cutar da tsaron ƙasa. Saboda haka ranar da aka fara aiki, da kuɗin wanda aka kashe, su ne sukan raba gardama.

Leza ta farko

Kalmar leza ta fito ne daga haruffan farko na wata jimlar Turanci da ke nufin ƙarfafa haske ta hanyar tunzura ƙwayoyin zarra su saki haske. Gordon Gould ne ya rubuta kalmar a littafin bincikensa a 1957. A 1958 Charles Townes da Arthur Schawlow suka wallafa bayanin yadda irin wannan na'ura za ta yi aiki, daga nan ɗakunan bincike da dama suka shiga tseren ƙera ta.

Theodore Maiman na Hughes ya zaɓi yaƙutu na haɗi, wato dutsen da ake sarrafawa a masana'anta daga sinadarin alminiyam da iskar oksijin, tare da ɗan sinadarin kuromiyam da ke ba shi jan launi. Masana da dama, har da Schawlow, sun ɗauka irin wannan yaƙutu ba zai yi ba. Maiman ya sake auna yawan hasken da dutsen ke mayarwa, ya ga ya fi abin da aka ruwaito nesa ba kusa ba. Ya ɗauki guntun yaƙutu da bai wuce gaɓar yatsa ba, ya shafe bakinsa biyu da azurfa don su zama madubi, ya bar ƙaramar kafa a gefe guda. Ya saka shi a tsakiyar naɗaɗɗiyar fitilar walƙiya irin ta masu ɗaukar hoto.

Idan fitilar ta yi walƙiya, ƙwayoyin kuromiyam sukan ɗauki ƙarfi. Da zarar ɗaya ta saki haske, sai hasken ya tunzura maƙwabtanta su saki irinsa. Hasken na kai-komo tsakanin madubai biyun yana ƙaruwa, har ya fito ta kafar a matsayin jan haske mai launi guda, mai tsawon zango nanomita 694.3. Ranar 16 ga Mayu 1960 Maiman da mataimakinsa Irnee D'Haenens suka ga na'urar ta yi aiki. Mujallar Physical Review Letters ta ƙi karɓar rahoton. Kamfanin ya sanar da 'yan jarida a New York ranar 7 ga Yuli, mujallar Nature ta Birtaniya kuma ta buga gajeren rahoton ranar 6 ga Agusta.

Riga ƙera abu bai sa Hughes ya mallaki fagen ba. Tun a Maris 1960 an riga an bai wa Townes da Schawlow takarda mai faɗi, wadda ta zama ta kamfanin Bell. Takardar Maiman mai lamba 3,353,115 ba ta fito ba sai 14 ga Nuwamba 1967, kuma Hughes ne ya mallake ta, domin Maiman ma'aikacinsa ne lokacin da ya yi aikin. Shi kansa ya bar kamfanin tun 1961. Kyautar Nobel ta 1964 ta tafi ga Townes da masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Nikolai Basov da Aleksandr Prokhorov. Gould kuwa ya shafe kusan shekara 30 yana shari'a kafin ya fara cin ribar takardunsa.

Sauran ayyukan haske

Bincike kan leza ya ci gaba a Malibu. A farkon shekarun 1960 Robert Hellwarth da Fred McClung suka nuna cewa idan aka toshe hanyar haske a cikin leza har ƙarfi ya taru, sannan aka buɗe ta farat ɗaya, za a samu gajeriyar walƙiya mai tsananin ƙarfi. Wannan dabara ce ta sa leza ta zama abin auna nisa. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a sakan guda, don haka walƙiyar da ta je ta daki abu mai nisan kilomita 3 ta dawo za ta ɗauki kashi 20 cikin miliyan na sakan. Da an auna lokacin, an san nisan. Hughes ya ƙera irin waɗannan na'urori ga tankokin yaƙin Amurka. A yau masu safiyo da magina na amfani da ka'idar.

A 1964 William Bridges ya ƙirƙiro lezar da ke aiki da iskar argon, mai fitar da haske shuɗi da kore. Jini na shanye irin wannan haske sosai, shi ya sa likitocin ido suka karɓe ta wajen ƙone jijiyoyin da ke yoyo a bayan idon masu ciwon suga.

A shekarun 1970 masu bincike na kamfanin suka haɗa wata na'ura mai ruwan lu'ulu'u da ke karɓar hoto marar haske sosai ta ɗora shi a kan haske mai ƙarfi, domin haska taswira a manyan allunan ɗakunan ba da umarni na soja. A 1992 Hughes ya haɗa gwiwa da kamfanin JVC na Japan don sayar da majigin a kasuwa. Majigin Hughes-JVC na cikin waɗanda aka yi amfani da su a 1999 wajen gwajin nuna fim ɗin Star Wars a sinima ba tare da faifan fim ba.

A fannin kallon duniya daga sama, injiniya Virginia Norwood ce ta tsara na'urar ɗaukar hoto da aka ɗora wa tauraron Landsat 1, wanda aka harba ranar 23 ga Yuli 1972. Na'urar na da madubi mai kaɗawa hagu da dama, yana share ƙasa mai faɗin kilomita 185, yana raba hasken gida huɗu: kore, ja, da kashi biyu na hasken da ke bayan ja wanda ido ba ya gani. Lafiyayyen ganye na mayar da wannan haske da yawa, don haka ana iya bambance gona mai kyau da wadda fari ya kama. An ɗauki na'urar Norwood a matsayin gwaji ne kawai, amma da aka kashe babbar kyamarar tauraron makonni kaɗan bayan harbawa, ita ce ta riƙe aikin. Hotunan Landsat tun daga 1973 na cikin manyan hujjojin da ake nunawa kan janyewar ruwan Tafkin Chadi.

Lantarki

Tiransista maɓalli ne da ba ya motsi. Irin wadda ake amfani da ita a kwamfuta tana da sassa uku a kan silikon: mashigar lantarki, mafitarsa, da ƙofa a tsakani da ke buɗewa ko rufewa. A farkon shekarun 1960 akan fara yin mashiga da mafita, sannan a ɗora ƙofar daga baya. Da yake da wuya a saita ta daidai, sai a yi ta da faɗi ta hau kan sassan biyu. Wannan hawa yana tara cajin da ba a buƙata, yana rage saurin tiransistar.

Robert Bower na Hughes ya juya tsarin. A fara ɗora ƙofar, sannan a harbo ƙwayoyin sinadari masu caji a kan silikon. Ƙofar da kanta za ta kare wurin da ke ƙarƙashinta, kamar yadda salatif ɗin mai ƙunshi ke hana lalle kama inda aka manna shi. Ta haka bakin mashiga da mafita zai tsaya cif a gefen ƙofar ba tare da an saita da hannu ba. Bower ya shigar da buƙatarsa a Oktoba 1966, aka ba shi takarda mai lamba 3,472,712 a 1969. Abokin aikinsa Hans Dill ma ya samu takarda a kan irin wannan tsari.

Nan ma an yi jayayya. Masana uku na kamfanin Bell, Robert Kerwin, Donald Klein da John Sarace, sun shigar da tasu buƙatar a Maris 1967 kan ƙofar da aka yi da silikon, kuma a wata shari'a kotun ɗaukaka ƙara ta ce su ne suka ƙirƙiro wannan nau'i. Federico Faggin na kamfanin Fairchild ne ya mayar da tsarin abin da ake sayarwa a 1968. Haɗuwar dabarun biyu, wato ƙofa mai saita kanta da harba ƙwayoyin sinadari, ta zama ginshiƙin ƙera cip na kwamfuta na shekaru masu yawa.

A tsakiyar shekarun 1970 Eli Harari, wanda ke aiki a sashen ƙananan kayan lantarki na Hughes, ya tsara ma'adanar bayanai da ake gogewa a sake rubutawa da lantarki, kuma ba ta mantuwa idan an ɗauke wuta. Sirrinta shi ne wani siririn bango na silikon da oksijin da caji ke iya ratsawa idan an matsa masa, sannan ya maƙale a ciki. An ba da takardar mai lamba 4,115,914 a 1978. Harari ya koma Intel daga baya, a 1988 kuma ya shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin da ya zama SanDisk, mai ƙera memori na waya da filashin kwamfuta.

Tauraron Syncom da shari'ar Williams

A 1945 marubuci Arthur C. Clarke ya bayyana cewa tauraron da aka ajiye a nisan kusan kilomita 35,786 a saman ikwaita zai zagaye duniya sau ɗaya a rana, don haka mai kallo daga ƙasa zai gan shi kamar a tsaye. Matsalar ita ce rokokin ƙarshen shekarun 1950 ba sa iya kai kaya mai nauyi can. A 1959 injiniyoyin Hughes uku, Harold Rosen, Donald Williams da Thomas Hudspeth, suka fara tsara tauraro marar nauyi mai siffar ganga, da zai riƙa juyawa a kan kansa don kada ya karkace, kamar yadda katantanwa ba ta faɗuwa muddin tana juyi.

Sauran aiki shi ne yadda za a gyara wa abin da ke juyawa fuska. Williams ya gano cewa ƙaramin bututun iska guda a gefen gangar ya isa, idan ana fesa iskar a daidai wuri guda a kowane juyi. Na'urar da ke ganin rana za ta aiko da bayani ƙasa, masu kula su lissafa lokacin da ya dace, su aika umarnin fesawa. An shigar da buƙatar takarda a Afrilu 1960, lokacin da kamfanin ke kashe kuɗinsa a kan aikin. Kwangilar NASA ba ta zo ba sai Agusta 1961.

Syncom 1 ya ɓace jim kaɗan bayan harba shi a Fabrairu 1963. Syncom 2, mai faɗin santimita 71, ya tashi ranar 26 ga Yuli 1963 ya yi aiki. Ɗaya daga cikin tashoshinsa na ƙasa wani jirgin ruwan Amurka ne mai suna Kingsport da aka girke a tashar jiragen ruwa ta Legas. Ta nan ne ranar 23 ga Agusta 1963 Shugaba John F. Kennedy ya yi waya da Firayim Ministan Najeriya, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, karo na farko da shugabannin gwamnati biyu suka zanta kai tsaye ta tauraron ɗan Adam. Sun taɓo yarjejeniyar hana gwajin makaman nukiliya da nasarar ɗan damben Najeriya Dick Tiger. Syncom 3 ya tashi ranar 19 ga Agusta 1964, ya kai hotunan gasar Olamfik ta Tokyo zuwa Amurka. A Afrilu 1965 aka harba Early Bird, tauraron kasuwanci na farko a wannan falaki, mai ɗaukar layin waya 240.

Williams ya rasu a 1966. Takardarsa mai lamba 3,758,051 ta fito a Satumba 1973, a shekarar kuma Hughes ya kai gwamnatin Amurka ƙara, yana cewa taurarin da wasu kamfanoni suka ƙera mata sun yi amfani da dabarar ba tare da biya ba. Gwamnati ta kare kanta da cewa sababbin taurarin na ɗauke da kwamfutarsu da ke yin lissafin a sama, ba a ƙasa ba kamar yadda takardar ta bayyana. A 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa sauya wurin lissafi bai sauya ainihin dabarar ba. A 1994 wata kotu ta ƙayyade diyyar dala miliyan 114, adadin da bai kai abin da kamfanin ya nema ba. An ci gaba da ɗaukaka ƙara har 1999, lokacin da aka rufe shari'ar a kan dala miliyan 154 haɗe da kuɗin ruwa. Ɗaliban shari'a na karanta hukuncin 1983 a matsayin misalin ƙa'idar da ke cewa ƙaramin sauyi ba ya kuɓutar da mai kwaikwayo.

Hanyoyin ƙera kaya

Kayan soja da na sararin samaniya dole su jure zafi, sanyi da girgiza, kuma ba a iya zuwa a gyara tauraro bayan an harba shi. Wannan ya tilasta wa Hughes ƙera injinan da zai yi aiki da su. Sashen kayan masana'antu na kamfanin ya fitar da injinan walda na ƙananan sassa, da injinan ɗinke cip da wayar zinare da ta fi gashi siranta. A 1995 sashen ya balle ya zama kamfanin Palomar Technologies. A farkon shekarun 1970 an yi amfani da lezar Hughes da kwamfuta ke sarrafawa wajen yanka yadi a masana'antar ɗinkin kwat.

A ƙarshen shekarun 1970 Robert Seliger da abokan aikinsa a Malibu suka haɗa injin da ke matse ƙwayoyin ƙarfen galiyam masu caji su zama siririn tsinke. Da shi ake sassaƙa ko yanka cip a wurin da ido ba ya gani, kuma masana'antun cip na amfani da ire-irensa wajen gano inda kuskure yake. Kamfanin ya kuma daɗe yana aiki a kan injin tura tauraro da ƙwayoyin iska masu caji. A 1997 tauraron PAS-5 ya zama na kasuwanci na farko da ya ɗauki irin wannan inji mai aiki da iskar zenon.

Ɗakin binciken Malibu, wanda yanzu ake kira HRL Laboratories, bai daina ba. A 2011, tare da jami'o'i biyu na Kalifoniya, ya sanar da wani ƙarfe mai siffar raga wanda kashi 99.99 cikin 100 nasa iska ce. Ana haska ruwan roba ta ƙananan kafofi har ya daskare ya zama raga, a shafe ta da nikel, sannan a narkar da robar a bar bututun ƙarfe zalla. A 2017 ya wallafa hanyar gina kaya da alminiyam mai ƙarfi ta injin ɗab'i mai fitar da abu da siffarsa, wanda a da yakan tsage idan ya huce.

Suka da takaddama

Ƙwarewar da ta samar da lezar likitan ido ita ce kuma ta samar da makamai. Makamin TOW mai fasa tanki, wanda sojan Amurka ya fara riƙewa a 1970, yana aiki ne da haske da waya: soja na ɗora alamar madubin hangensa a kan tanki, na'ura na bin fitilar da ke bayan makamin, tana aika gyara ta siraran wayoyin da ke warwarewa yayin da yake tafiya. An yi amfani da shi a Biyetnam a 1972. Fiye da 2,000 na cikin makaman da jami'an gwamnatin Reagan suka sayar wa Iran a ɓoye a 1985 da 1986. Makamin Maverick kuwa kyamarar talabijin ce a hancinsa.

An kuma tuhumi kamfanin kan ingancin aiki. A 1984 Ma'aikatar Tsaro ta dakatar da biyansa na ɗan lokaci saboda kurakuran da aka gano a masana'antar Tucson. A 1992 kotu ta same shi da laifin haɗa baki wajen damfarar gwamnati kan gwajin ƙananan kayan lantarki, bayan wasu ma'aikata mata biyu sun fallasa lamarin. A Tucson, sinadarin wanke ƙarfe da aka riƙa zubarwa a yankin masana'antar da filin jirgin sama ya gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, aka saka wurin a jerin wuraren da gwamnatin tarayya ke tsabtacewa a 1983. A 2003 Hughes Electronics da Boeing suka amince su biya tarar dala miliyan 32 kan bayanan fasaha da aka bai wa ƙasar Sin bayan faɗuwar rokokinta a tsakiyar shekarun 1990.

Rabuwar kamfanin

Howard Hughes ya rasu ranar 5 ga Afrilu 1976. A 1985 gidauniyar ta sayar da kamfanin, mai ma'aikata sama da 70,000 a lokacin, ga General Motors a kan kusan dala biliyan 5.2. Kuɗin ya mayar da ita ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar nauyin binciken lafiya a duniya. A ƙarƙashin General Motors injiniyoyin Hughes sun yi aiki a kan lantarkin mota mai batir ta EV1, suka kuma ƙaddamar da talabijin na tauraro na DirecTV a 1994. A 1997 sashen tsaro ya koma hannun Raytheon a cinikin kusan dala biliyan 9.5. A 2000 Boeing ya sayi sashen taurarin ɗan Adam a kan dala biliyan 3.75. HRL Laboratories mallakar Boeing da General Motors ne. Raytheon ya haɗe da United Technologies a 2020, kamfanin da aka samar kuma ya koma amsa sunan RTX a 2023.

Wa'adin takardun Maiman, Bower, Williams da Harari ya ƙare tun kafin shekarar 2000, don haka kowa na iya amfani da dabarun ba tare da neman izini ba. Ana iya karanta cikakken bayaninsu da zane-zanensu kyauta a rumbun ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ta hanyar saka lambar takardar.